Bugun Turmi da Magariba

Talata, 17 ga Zulƙida

Hidaya! Ke Hidaya! Wai ina kika shiga ne? Sau huɗu ina kira, waya tana ta kuka ba ki ɗaga ba. To na gaji, bari in rubuta, ko da yatsa ɗaya ne zan kai.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Afirka ta Kudun, ya mai gidanki Adnan? Mu nan lafiya lau. An yi ruwa shekaranjiya, har mutanen Tarai sun fara shuka. Babanki yana gaishe ki.

Akwatinki ya iso. A-kori-kura ce ta kawo shi daga Rano. Ni na ɗauka atamfa ce ko bargo, tunda Babbar Salla ta matso. Da aka buɗe sai ga wani farin bututu, da ƙafafu uku na ƙarfe, da wasu baƙaƙen abubuwa guda uku masu gilashi, kowanne kamar kwalbar man zafi, da wani ja kamar gwangwanin tumatir mai jelar waya. Ko sabulu ɗaya babu.

Abin da ya sa nake nemanki, mutumin da ya biyo akwatin ne. Wai Malam Uzairu, wai yana koyar da kimiyya a sakandare a Rano, wai ke kika turo shi. Ke kika turo shi? Don ni na san shi. Ɗan wan Maijidda ne ta makwabta, kuma kin san Maijidda, abin da ya shiga kunnenta da safe kafin azahar ya kai kasuwar Kibiya.

Ina bayan ƙofar zaure na ji shi da kunnena, gaban Liman fa, yana cewa, "Malam, ranar ashirin da tara nan za a sa ido, a ga jinjirin wata kamar yankan kankana." Can kuma ya rage murya, ya ce, "Wane idon ne ya fi maka dama-dama?"

Ina ruwansa da idon babanki?

Shekara talatin da huɗu mutumin nan yana hawa dutsen bayan gidanmu duk ashirin da tara ga wata. In ya ce ya gani, Liman ya gaya wa mai unguwa, a kai gaba. Ba a taɓa mayar masa da magana ba. Yanzu kuma sai da bututu? Wa ya ce miki yana bukata? Akwai wanda ya kira ki ya faɗa miki wani abu ne? Ki gaya mini gaskiya.

Allah ya yi miki albarka. Ki sa safa.
Innarki

Laraba, 18 ga Zulƙida

Wa alaikumus salam Innata. Ina wuni, ya gida, ya ƙafar taki? Adnan yana gaishe ku ƙwarai. Ki yi haƙuri, barci nake lokacin da kika kira. Satina ne na aikin dare a kan dutsen da muke hangen taurari, mu da rana muke kwanciya.

Ni na turo Malam Uzairu. Tare muka yi jami'a, mutumin kirki ne, ki saki ranki da shi.

Bari in gaya miki abin da ke cikin akwatin, ko hankalinki zai kwanta. Nan inda nake aiki, madubin hangen taurarin ya fi tsakar gidanmu faɗi. Amma shi madubin ba ya ganin komai, Inna. Haske kawai yake tarawa. Abin da aka ɗaura a bayansa shi ke gani. Muna da guda huɗu. Akwai kyamarar da ake sanyayawa fiye da ƙanƙara, don kada ɗumin jikinta ya ɓata hoto. Akwai wadda ke tsefe hasken tauraro ya fita launi-launi kamar bakan gizo, daga nan mu san abin da ke cikin tauraron. Akwai mai ganin ɗumi a inda ido ba ya ganin komai. Akwai kuma mai gyara rawar da iska ke sa haske ya yi, irin wadda kike gani a kan kwalta da rana tsaka. Kafin a ba mutum dare ɗaya sai ya rubuta wadda yake so da dalilinsa. Ni wata shida na jira.

Naku ɗan autansu ne. Baƙaƙen ukun nan, a nan ake sa ido. Da babban ake farawa, shi ya fi nuna sama da faɗi. In an kamo watan sai a cire shi a sa jan. Shi jan, kyamara ce, za ta nuna watan a kwamfutar Malam Uzairu, mutum goma su gani tare.

Don Allah abu biyu: kada a goge gilashin da bakin zane, kuma kada kowa ya juya bututun wajen rana. Makanta ce nan take.

Sannan Inna, ranar Juma'a da muka yi waya ta bidiyo, Baba bango yake kallo yana mini magana. Lafiyar idonsa kuwa?

Atamfarki tana nan, Adnan ne ya manta ta a kan gado. A gaishe mini da kowa.
Taki, Hidaya

Asabar, 21 ga Zulƙida

Salamu alaikum. Ya aiki, ya barcin rana kamar jemage?

Idon babanki lafiyarsa ƙalau. Wayar ce bai iya riƙewa ba. Kada ki sake yi mini wannan tambayar.

Mutumin kirkinki ya dawo yau da hantsi. Ba a zaure ya tsaya ba fa. Babanki da kansa ya yi masa iso har tsakar gida, ƙaton namiji mai gemu, ni ina tankaɗe, da ƙyar na jawo mayafi. Ya durƙusa ya gaishe ni, "Inna ina kwana, ya ibada." Na amsa. Ladabi kam akwai. Ladabin ne ma ya fi ba ni tsoro.

To ji abin da ya yi. Dutse babanki yake hawa, ko ba haka ba? To shi ko kallon dutsen bai yi ba. Kai tsaye ya nufi kusurwar nan ta tsakanin madafa da rumbu, inda tsohon bulon nan yake da turmina. Gidan nan da faɗinsa, sai nan. Ya kafa ƙafafun ƙarfen, ya juya bakin bututun yamma, daidai tsakanin giginya da tsamiya. Wa ya nuna masa wurin nan, Hidaya?

Bai ƙare ba. Babanki dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Amma mutumin nan ya yi ta rage ƙafafun, yana ragewa, yana satar kallona, har wurin sa idon ya dawo daidai haɓata. Ya ce, "Inna, ɗan tsaya nan in gwada." Na ce ina da tukunya a wuta. Ba ni da komai a wuta.

Babanki yana zaune a kan kujera yana jan carbi.

Suna fita sai ga kan Maijidda ta saman katanga. Wai, "Suwaiba, ni kuwa me kike dakawa duk ƙarshen wata da magariba? Barkonon gidanku da wata yake ƙarewa?" Ta kwashe da dariya. Na ce, "Eh, da wata yake ƙarewa, na gidanku ne ba ya ƙarewa tunda a bakinki yake tsirowa." Ta sauka.

Kin ga yadda abin yake haɗuwa? Gwaggo ta leƙa, ɗa ya auna. So suke su tara mutane ranar ashirin da tara, su ce Malam bismilla, sa idonka. Ni dai ba za a kunyata mini miji a tsakar gidana ba. An ajiye akwatin a ɗakina, mukulli kuma yana bakin zanena.

Ki gai da Adnan, ki ce na ji batun atamfa.
Innarki

Talata, 24 ga Zulƙida
Rano

Zuwa ga Malama Hidaya Shitu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da maigida, na rubuto ne in sanar da ke halin da ake ciki.

Jiya na koma gidan Malam Shitu domin gwaji na ƙarshe. Bututu yana nan, ƙafafu suna nan, kyamara tana nan. Amma madubin ido guda ukun babu ko ɗaya. Na tambayi Inna cikin ladabi, ta ce mini ita ba ta san kayan Turawa ba, wataƙila ɓera ne. Ban ja maganar ba, sai dai ban taɓa ganin ɓeran da ya mayar da murfin akwati ya ɗaure igiya ba.

Da kyamara kaɗai ba zan iya lalubo jinjirin wata ba. Sararin da take ɗauka ƙarami ne, sama kuma tana da sauran haske a wannan lokacin. Dole sai wanda ya san wurin ya fara kamo shi da ido. Saura kwana biyar.

Malam ya ce kada in matsa mata, a bar shi da ita. Ni kuwa nauyin maganar da ya ba ni amana ya fara yi mini yawa, domin yanzu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa.

Wassalam. Naki a kullum,
Uzairu Isma'ila

Talata da la'asar

Inna, salamu alaikum. Ga wasiƙar Malam Uzairu na tura miki ki karanta da kanki. Ba faɗa zan yi ba. In suna wurinki, don Allah kada dai a sa su inda danshi ko maiƙo zai taɓa su. Ki gaya mini me kike tsoro. Ni ce fa, Hidaya.

Alhamis, 26 ga Zulƙida

Wa alaikis salam. Kwana biyu ina rubutawa ina gogewa.

Suna cikin kwallar kayan aurena, ta ƙasa, na naɗe su a sabon ɗankwali. Ban goge gilashin ba. Ɓeran ni ce.

Wace amana babanki ya ba Uzairu? To tunda kowa yana da amana, ga tawa. In kin karanta ki goge, kada Adnan ya gani.

Babanki ba ya gani, Hidaya. Yanar ido ce ta rufe masa su, na dama gaba ɗaya, na hagu sai inuwa-inuwa. Shekara uku ke nan. Hanyar masallaci da hanyar dutse ƙafarsa ce ta haddace.

Watan farko da abin ya faru ya sauko ya ce gajimare ne. Alhali ni ina tsakar gida ina kallon watan, siriri kamar yankan farce, a saman giginya. Kin san idona, har yau ni nake zura wa matan unguwar nan zare a allura. Na ce, "Malam, ga shi can fa." Ya zauna a bakin rijiya ya riƙe kai. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa.

Ni na kawo dabarar, ba shi ba. Ki riƙe wannan. Na ce ka hau dutsenka da mutanenka kamar kullum, ni zan hau bulo in duba. In ya fito saman giginya, zan buga turmi sau ɗaya. In tsakani ne, sau biyu. In wajen tsamiya ne, uku. Ina zuba ɗan barkono don kada a ce ina dakan wofi. Shi kuma sai ya miƙa hannu ya ce ga shi can. Mutane su bi hannunsa, su gani da idonsu, su yi kabbara. Wa aka cuta? Watan yana nan ai. Ba mu ƙirƙiro shi ba.

Sai watan Rajab da ya wuce. Na gani, wallahi na gani, na buga biyu. Kafin su juya gajimare ya rufe. Babu wanda ya gani sai ni. Liman ya ce, "Malam Shitu, ka rantse ka gani da idonka?" Ya rantse. Washegari aka ji an gani a wasu garuruwan ma, kin ga ban yi ƙarya ba. Amma tun ranar babanki bai ƙara cinye tuwonsa ba. In na yi magana ya ce ba komai.

Akwai wani abin kuma. An ce ana cire yana a asibiti a Kano, a kwana ɗaya ma. Ya so zuwa bara. Ni na hana. Na ce in aka gan ka da bandeji a ido, za a fara lissafin baya, a ce to da wane idon yake gani duk watannin nan? Mutumin da ba shi da gonar kirki, ba shi da sarauta, abin da yake da shi a garin nan ke nan, in ya wuce a ce ga mai ganin wata. Shi zan bari a ƙwace?

To yanzu kin ji. Ki kira Uzairu ki ce ya zo ya kwashe bututunsa, ki ce ya lalace a hanya. Ki rufa wa babanki asiri kamar yadda na rufa.

Allah ya rufa naki.
Innarki

Juma'a, 27 ga Zulƙida

Innata, salamu alaikum. Na karanta sau uku. Ban goge ba tukuna, ina kuka ne.

Na sani, Inna. Tun Sha'aban na sani. Ba Maijidda ce ta faɗa ba, ba kuma Malam Uzairu ba. Baba ne. Ya ari waya a masallaci ya kira ni. Ya sa na yi alkawarin ba zan gaya miki ba sai shi ya faɗa, amma na ga ya kasa, kwana kuma ya ƙare. Allah ya yafe mini saɓa masa.

Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. "Na rantse da Allah a kan idon da ba nawa ba. Uwarki ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya, amma ni aka tambaya. A cikin na'urorin nan naku, babu wadda za ta sa abin da mace ta gani a tsakar gida, maza su gan shi su shaida, ba sai wani ya yi ƙarya ba?"

Na ce akwai. Shi ne akwatin.

Shi ya nuna wa Malam Uzairu kusurwar rumbu. Shi ya ce a rage ƙafafun, wai mai dubawar gajera ce, kuma ƙafarta ta hagu tana ciwo, a daina sa ta hawa bulo. Tambayar da kika ji a zaure ta wane ido ya fi dama-dama, likita ne ya ce a tambaya. An ba Baba ranar aikin ido, bayan Salla da sati ɗaya. Ya ce ba zai je ba sai ya sauke wannan kayan tukuna, kuma ba zai sauke ba sai da yardarki, don sunanki yana ciki. Likitan ya ce na daman ya daɗe, kada a ƙara ja.

Ba zan ce miki mutane ba za su yi magana ba. Za su yi. Amma Inna, ina so Baba ya ga fuskata in na dawo.

Madubin suna hannunki. Ba wanda zai karɓa da ƙarfi.
Taki har kullum, Hidaya

Lahadi, 29 ga Zulƙida

Hidaya. Salamu alaikum.

Kwana biyu ban yi wa babanki magana ba sai gaisuwa. Wato ni ce bare a gidan nan. Da ke, da shi, da ɗan wan Maijidda. Ni ina ta gadin ƙofa, ashe mai gidan ne ya buɗe ta baya.

Jiya da na kai masa abinci na ce, "In ka faɗa, sunanka ya tafi." Ya ce, "Suwaiba, sunan ai ya daɗe da tafiya, ke kike riƙe da rigarsa." Na ce to ka yi abin da ka ga dama, ni dai ba ruwana. Ya ce, "Wannan yarda ce?" Na fita na bar shi. Da na dawo ɗaukar kwano, ya cinye tas.

Yau bayan asuba ya je wurin Liman. Ban san me suka yi ba. Na dai ga an shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gidana, an share kusurwar rumbu, an ɗauke mini bulo. Maijidda ta leƙo sau uku, na farko da dariya, na ukun kuwa cewa ta yi ko ina son aron hijabinta mai ruwan toka. Har yanzu ban yarda da matar nan ba.

Rana ta kusa taɓa kan giginya. Sama fes take ta yamma, in zai fito yau tsakani zai fito, ina ji a jikina. Ina jin muryoyi a zaure, har da ta Liman. Ni ina ɗaki na sa sakata. Kwallar tana gabana a buɗe. Ban ce zan fita ba fa. Tambaya kawai nake, da babban kika ce ake farawa ko? Kuma ido ɗaya ake rufewa, ko duka biyun ake

Tsaya. Ana ƙwanƙwasa mini ƙofa. Da kan sanda ne, sau biyu. Shekara talatin da takwas mutumin nan bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofata ba.

Ina mayafina